Ambaliya, Fari da Cuta: Tambayoyin da Kiristocin Ƙasar Katsina Ke Yawan Yi Kan Wahala

Tambayoyin nan su ne ake ta maimaitawa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, da taron zumuntar mata, da lokacin da aka dawo daga maƙabarta, a ikilisiyoyinmu na Katsina, Malumfashi, Kafur da Funtuwa. Ba maganar 'yan bindiga ake yi a nan ba, ko da yake ita ce ta fi damunmu a shekarun nan. Wannan an san hannun da ya aikata. Ana magana ne kan wahalar da babu wanda za a nuna da yatsa: ruwa ya ci gida, fari ya ƙone gero, zazzaɓi ya ɗauke jariri. An sa wa tambayoyin lamba don a ji sauƙin komawa daga wata zuwa wata.

1. Mene ne bambancin wahalar da mutum ya jawo da wadda ta auku haka kawai?

Malaman tauhidi sukan raba mugun abu gida biyu. Akwai wanda ya fito daga zuciyar mutum, kamar kisa, sata da zalunci. Akwai kuma wanda ya fito daga halitta kanta, kamar ambaliya, girgizar ƙasa, annoba, fara da tsawa. Babi na farko na Littafin Ayuba ya haɗa duka biyun a yini ɗaya. Mahara suka kwashe shanu da raƙuma, wannan aikin mutane ne. Wuta ta sauko ta cinye tumaki, guguwa ta rushe gida a kan 'ya'yansa goma, wannan kuma babu hannun kowa.

Na biyun ya fi wuyar amsawa. In an tambayi dalilin da Allah ya bar mugu ya yi mugunta, ana iya cewa ya ba mutum 'yancin zaɓi. Amma sauro ba shi da zaɓi, gajimare ma haka. Shi ya sa tambayar take komawa kai tsaye ga Mahalicci: tun da shi mai iko duka ne, kuma nagari ne, me ya sa ya bari? Sai dai iyakar da ke tsakanin biyun ba ta miƙe sosai ba, kamar yadda za a gani a tambaya ta 8.

2. Ambaliya irin ta Jibiya hukunci ne daga Allah a kan mutanen garin?

A watan Yulin 2018 ruwa ya sauko da dare a Jibiya, ya rushe gidaje, ya kashe fiye da mutum 40. Kamar yadda aka saba, ba a rasa masu cewa ruwa ba ya tsami banza ba. An taɓa kawo wa Yesu irin wannan magana. A Luka 13 ya tuna musu da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, ya tambaya ko suna tsammani waɗannan sun fi sauran mazaunan Urushalima laifi. Shi da kansa ya amsa: a'a. Sannan ya juya maganar kan masu sauraro, ya ce su tuba. Wato abin da masifar wani za ta sa ka bincika shi ne zuciyarka, ta mamacin kuwa ba a ba ka ita ka auna ba.

A Yohanna 9 almajirai suka ga makaho tun daga haihuwa, suka ce zunubin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa? Yesu ya ce ba ko ɗaya. A Matiyu 5:45 kuma ya ce Uba yana fito da rana a kan miyagu da nagari, yana saukar da ruwa a kan masu adalci da marasa adalci. Duk mai wa'azin da ya hau bagadi ya ce ya san laifin da ya sa ruwa ya ci wani gari, ya faɗi abin da Ubangijinsa ya ƙi faɗa. Waɗanda suka fi mutuwa a ambaliya kuwa yara ne da tsofaffi da masu ginin ƙasa a bakin kogi, ba waɗanda suka fi kowa saɓo ba.

3. To ruwan tufana na zamanin Nuhu fa, da Saduma, da farin zamanin Iliya? Ai duk hukunci ne.

Gaskiya ne, kuma ba za a ɓoye ba. Tsohon Alkawari ya nuna lokutan da Allah ya hukunta mutane da ruwa, da wuta, da hana ruwan sama. Amma a lura da abu guda: a kowane ɗayansu Allah ne ya faɗa da bakinsa, galibi tun kafin abin ya faru. Ya faɗa wa Nuhu, ya faɗa wa Ibrahim, ya aiki Iliya wurin sarki Ahab. Ba mutane ne suka ga gawa sannan suka yi lissafi da baya ba.

Masu lissafi da baya su ne abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar. Hujjarsu ita ce tamu ta yau da kullum: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, don haka Ayuba ya tona asirin kansa. A babi na 42 Allah ya ce ya yi fushi da su domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba, sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Mutanen tsibirin Malta ma sun yi haka. Da maciji ya sari Bulus a hannu suka ce lalle mai kisankai ne, da bai mutu ba suka ce allah ne. Duka biyun sun yi kuskure.

4. In ba hukuncin mutum ɗaya ba ne, daga ina cuta da fari suka fito?

Amsar da ta fi daɗewa a ikilisiya ita ce faɗuwar ɗan Adam. Farawa 1 ta ce abin da Allah ya yi yana da kyau ƙwarai. Farawa 3 ta ce bayan rashin biyayya ƙasa ta shiga la'ana, za ta fid da ƙaya da sarƙaƙiya, da gumi za a ci abinci. Manomin da wuta-wuta ta mamaye masa dawa ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan aya. Bulus ya ci gaba da zancen a Romawa 8, inda ya ce dukan halitta tana nishi kamar mai naƙuda, tana jiran a 'yantar da ita daga ruɓewa.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ƙara wani bayani. Ya ce mugunta ba wata halitta ba ce da Allah ya ƙera ya ajiye gefe. Lalacewar abu mai kyau ce, kamar huji a jikin zane: masaƙi ya saƙa zanen, hujin kuwa rashin zare ne a inda ya kamata a samu. Amfanin wannan koyarwa shi ne ta hana mu cewa akwai alloli biyu, na alheri da na sharri, suna kokawa. Sai a kiyaye: cewa duniya duka ta lalace daban ne da cewa ciwon wane sakamakon zunubin wane ne. Na farko koyarwar Littafi ce, na biyu kuwa an yi maganarsa a tambaya ta 2.

5. Ɗana ya karanta a makaranta cewa dabbobi suna mutuwa tun kafin a yi mutum. Yaya wannan da maganar faɗuwa?

Bai yi ƙarya ba game da abin da masana ke koyarwa. A hamadar Agadas, nan maƙwabta, an tono ƙasusuwan manya-manyan dabbobi da masana suka ƙiyasta sun rayu miliyoyin shekaru kafin mutum. Kiristoci sun rabu a nan. Wasu sun riƙe cewa kwana shida aka yi halitta, kuma ba a san mutuwa ba sai bayan Adamu. Wasu sun ce mutuwar da Bulus yake nufi a Romawa 5 ta mutane ce, suna kuma kafa hujja da Zabura 104, inda zakoki suke ruri suna neman abincinsu daga wurin Allah, ba tare da an kira haka la'ana ba. A ganina ba abin da za a kori yaro daga aji a kansa ba ne. A zaunar da shi a karanta ayoyin tare.

6. Me ya hana Allah yin duniyar da babu ambaliya sam?

Akwai amsoshi biyu da ake bayarwa, kowacce da iyakarta. Ta farko: duniya tana tafiya bisa tsari, kuma tsarin nan ne ya sa ake iya rayuwa a cikinta. Ruwan da ya cika madatsar Zobe ana noman rani, shi ne wanda in ya yi yawa yake jiƙa katangar ƙasa har ta zube. Da a ce ruwa yana sake hali duk lokacin da zai cuci wani, da ba manomin da zai san lokacin shuka, ba maginin da zai san yadda zai kafa harsashi, ba likitan da zai san abin da magani zai yi gobe.

Ta biyu ta samo asali daga Ireniyus, bishop na Liyon a ƙarni na biyu, wanda ya koyar da cewa Allah ya halicci mutum kamar yaro mai bukatar girma. Wani masani ɗan Ingila, John Hick, ya faɗaɗa ta a 1966: a duniyar da babu haɗari, babu inda za a koyi jarunta, tausayi ko haƙuri. Romawa 5 ma ta ce wahala tana haifar da jimiri.

Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai ko'ina ba. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa, da yawa kuma ƙananan yara. Wane darasi ɗan shekara biyu ya koya? Cewa ya mutu domin iyayensa su koyi haƙuri kuwa magana ce da bai kamata ta fita daga bakin mai bi ba. Amsoshin nan suna nuna cewa gaskatawa da Allah nagari ba wauta ba ce. Ba sa bayyana dalilin mutuwar yaron gidanku.

7. Ba aikin Shaiɗan ba ne, ko iskoki, ko maita?

Littafi bai yi musun aikin Shaiɗan ba. Yana cikin labarin Ayuba, kuma a Luka 13:16 Yesu ya ce matar da ta tanƙware shekara 18 Shaiɗan ne ya ɗaure ta. Amma a Ayuba bai iya taɓa ko gashi ɗaya ba sai da aka ba shi izini, aka kuma sa masa iyaka. Ba tsaran Allah ba ne.

Inda muke tuntuɓe shi ne a nan. Da yawa daga cikinmu kakanninmu Maguzawa ne, kuma tsohon tunanin bai mutu ba, riga kawai ya sake. Da can sai a tafi wurin boka a tambayi wa ya kama kurwar yaro, yanzu kuma wurin mai addu'a ake zuwa da tambayar nan ɗaya. Ƙarshenta a ɗora wa wata tsohuwa marar gata ko kishiyar uwa. Gidan da yara suke ta fama da ciwon gaɓoɓi da ƙarancin jini suna mutuwa bi da bi, sau da yawa sikila ce. In miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da suna ciwon ba, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila. Wannan gwajin jini ne yake nuna shi, kuma shi ya sa ikilisiyoyi da dama suke neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure. Zargin mutum da maita ba tare da hujja ba shaidar zur ce, kuma tana cikin Dokoki Goma.

8. Da gaske ne babu hannun mutum a cikin irin waɗannan masifu?

Sau da yawa akwai. Ran 1 ga Nuwamba 1755 girgizar ƙasa ta rushe Lisbon, babban birnin Fotugal, da safiyar ranar idin tsarkaka, mutane suna cikin majami'u. Dubban mutane suka hallaka, Turai ta ɗauki muhawara kan adalcin Allah. Wani marubuci, Rousseau, ya ce ai ba Allah ne ya cunkusa dogayen benaye wuri guda ba. Nan gida ma haka ne. Yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba da fari ta fara, amma wani masani, Michael Watts, wanda ya yi bincike a ƙasar Kaita a shekarun 1970, ya nuna yadda harajin Turawa na tsabar kuɗi ya raunana hanyoyin da talaka yake bi a da ya tsallake muguwar shekara. Rashin ruwa daga sama yake, amma wa zai mutu da wa zai rayu, a ƙasa ake yanke wannan.

A zagaya unguwa a watan Agusta a gani. Kwata ta toshe da leda, an sayar da fili a kan hanyar ruwa, an tayar da katanga ba harsashi, ga yara suna kwana a gindinta. Shari'ar Musa ta ce wanda ya gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, don kada wani ya faɗo jininsa ya hau kansa (Maimaitawar Shari'a 22:8). Yusufu bai tsaya addu'ar a ɗauke yunwa kawai ba, ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har shekara bakwai. "Haka Allah ya so" magana ce mai kyau a bakin wanda aka yi wa rashi. A bakin wanda aka ba kuɗin gyaran magudanar ruwa ya cinye, saɓo ce.

9. Wace amsa Allah ya ba Ayuba?

Bai gaya masa dalili ba. Mu masu karatu mun san abin da ya gudana a sama a babi na 1 da na 2, Ayuba kuwa har ƙarshen littafin ba a faɗa masa ba. Daga babi na 38 zuwa 41 Allah ya yi ta jero masa tambayoyi: ina kake sa'ad da na kafa harsashin duniya? Ya nuna masa jakin jeji, da jimina mai barin ƙwanta a ƙasa, da ruwan da yake sauka a hamadar da babu mutum ko ɗaya. Wato duniya ta fi ƙarfin lissafinmu, kuma ba duk abin da ke cikinta aka yi don jin daɗinmu ba. Abin da ya kwantar da Ayuba shi ne Allah ya zo ya yi magana da shi. Ayuba ya ce da ji kawai yake yi, yanzu ya gani da idonsa. An ninka masa dukiya daga baya, ya kuma sake haihuwar 'ya'ya goma, amma kaburburan goman farko suna nan inda suke.

10. Zunubi ne in na ce wa Allah "don me?"

A'a. Kusan sulusin Zabura kuka ne da kai ƙara. Zabura 13 ta fara da "har yaushe, ya Ubangiji?" Zabura 88 ta ƙare cikin duhu, ba ko layi ɗaya na ta'aziyya, kuma an bar ta a cikin Littafi. Akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Yesu kansa a kan gicciye ya ɗauko farkon Zabura 22: "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?"

Al'adarmu ta kunya da dauriya tana da kyau, amma takan danne mutum. Uwa ta rasa ɗan fari, ana sa ran ta haɗiye, in hawaye ya zubo sai a ce "kina ja da ikon Allah?" Ba ja take yi ba. Gunagunin da Allah ya hukunta a jeji shi ne na waɗanda suka juya masa baya suna neman komawa Masar. Mai makoki kuwa gabansa yake zuwa da kukansa.

11. Mun yi addu'a da azumi amma ta rasu. Bangaskiyarmu ce ta kasa?

Sau uku Bulus ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce "alherina ya ishe ka." Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas ba lafiya a Militas. Timoti ya yi ta fama da ciwon ciki, Bulus ya ba shi shawarar abin da zai sha. A Getsamani Yesu ya roƙa a ɗauke ƙoƙon, ba a ɗauke ba. Babu mai cewa waɗannan ƙarancin bangaskiya ne ya same su. Koyarwar da ke cewa duk mai cikakkiyar bangaskiya zai warke tana ɗora wa masu makoki kaya na biyu a kan na farko.

A ci gaba da kiran dattawan ikilisiya su yi addu'a, kamar yadda Yakubu 5 ta ce, a kuma kai majiyyaci asibiti da wuri. Luka likita ne. Yaron da jikinsa ya yi zafi da damina a gwada shi a ranar, kada a jira sai ya fara sanƙamewa. Wanda ya ce a ajiye magani don a nuna bangaskiya, a tuna masa da amsar Yesu a kan ƙololuwar Haikali: kada ka gwada Ubangiji Allahnka.

12. To ina Allah yake a lokacin da muke shan wannan wuya?

Nan ne amsar Kirista ta bambanta da ta masu falsafa. Mun gaskata Allah bai tsaya daga nesa ba, ya shigo cikin jiki mai jin yunwa da gajiya da ƙishirwa. A kabarin Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi, Yesu ya yi hawaye. Duk inda ya gamu da kuturta ko zazzaɓi ko hadari a teku, yaƙarsu ya yi, bai taɓa ce wa majiyyaci ciwonka alheri ne ba.

Sai kuma tashin matattu. Begenmu shi ne jikin nan zai tashi, halitta kanta a sabunta ta, a share kowane hawaye, mutuwa ta ƙare, kamar yadda Wahayin Yahaya 21 ta faɗa. Bulus ya kira mutuwa maƙiyiya ta ƙarshe. Romawa 8:28 ma, da ake yawan jawowa, ba ta ce kowane abu mai kyau ne ba. Ta ce Allah yana aiki cikin kowane abu domin alherin masu ƙaunarsa. Lokacin faɗarta kuwa, a duba tambaya ta 14.

13. Maƙwabtanmu Musulmi suna cewa ƙaddara. Mun yarda da haka?

Mun haɗu da su a wurare da yawa. Imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, yana cikin ginshiƙan imaninsu shida, kuma su ma suna buga misali da haƙurin Annabi Ayuba. Mu ma mun gaskata ko gwara ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba. Bambancin yana wajen Allah da ya shigo cikin jiki ya sha wuya tare da mu, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 12. Amma zaman makoki ba fagen muhawara ba ne. Su sukan zo mana gaisuwa, mu ma mu je, mu zauna a tabarma ɗaya, mu ce Allah ya ba da haƙuri da zuciya ɗaya. Ruwan da ya shiga unguwa gidan kowa ya shiga, tare kuma ake kwashe laka.

14. Me zan faɗa in na je gaisuwar mutuwa, me kuma ikilisiya za ta yi?

Kaɗan. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai, lokacin da suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki ne abu ya lalace. "Sannu, Inna, ya haƙuri?" ya isa. Kada a ce "ai kina da sauran yara" ko "za ki sake haihuwa." Kada a tambayi me ya sa ba a kai shi asibiti tun jiya ba. In ta ambaci sunan yaron, a bar ta ta yi zancensa. A zo da ƙwaryar hatsi ko itace, a ɗebo ruwa, a kama wanke-wanke. A kuma komo bayan wata guda, lokacin da an naɗe tabarmi, baƙi sun watse, ta shiga ɗaki ta ga zanen goyon a rataye.

Ikilisiya kuma tana da abin koyi. Da Agabas ya faɗi cewa za a yi babbar yunwa, masu bi na Antakiya ba su tsaya binciken laifin mutanen Yahudiya ba. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, aka aika ta hannun Barnaba da Shawulu. A nan Katsina, tun shekarun 1930 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka riƙa jinyar kutare a Babbar Ruga, a zamanin da dangi ma gudun mai cutar suke yi. Yau kuturta tana warkewa da magani. Ikilisiyar ƙauye ba ta da asibiti, amma tana iya ware buhunan hatsi daga baikon kaka ta ajiye don watan Yuli da Agusta, ta rubuta sunayen matasan da za su iya ba da jini, ta sanar da ranar allurar rigakafi daga kan bagadi, ta kuma sa matasa su yashe kwatar unguwa tun kafin ruwan farko.